Dan Allah masana kayan ƙafar Homa ku zo, na sa na Beljiyom mota ta karkace

Direban_Ningi:

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da war haka. Dan Allah makanikai da masu sayar da kayan mota ina neman shawararku. Homa nake ja, wato Toyota Hiace, doguwar nan mai tudun rufi, fetur, ƙirar 2012, ina lodin Kano zuwa Bauchi ta Birnin Kudu da Ningi. Motar ba tawa bace ta wani Alhaji ce balas nake kai masa, gyara in ƙarami ne ni nake yi in babba ne mu raba. Toh kwanaki na faɗa wani rami da lodi cikin dare, tun daga nan gaban hagu ya fara ƙara ƙwas ƙwas mota na jan gefe, bayan kuma dama ya daɗe da kwanciya. Bakanikena ya shiga ƙasa ya duba yace lowa am ya lanƙwashe, toshin ba ɗin hagu, sandar ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin gaban mota, ta gaji, shokazoba duk huɗun sai a hankali, sifirin baya na dama kuma falle ɗaya ya karye.

Sabo orijinal kuɗinsa ba'a magana, Alhaji yace a nemo na Beljiyom. Naje wani shago aka ɗauko min lowa am ɗaya, toshin ba ɗaya, shoka biyu na gaba da sifirin baya ɗauri ɗaya, mai shagon yace min in dai ƙafa ce duk Homa ɗaya ce, har da rantsuwarsa. An ɗaura kuma komai ya shiga gurbinsa ba duka ba walda, amma yanzu in ka tsaya a gaban motar kana kallo zaka ga hagu ta fi dama zama ƙasa, bakaniken ya ɗaure notin toshin ba ɗin har ya kusa ƙurewa amma bata miƙe ba, bayan kuma ɓangaren da aka sa sabon sifirin da na zuba mutane sai ya nutse har robar nan tana dukan aksul a gargada, ga tayar gaba ta fara cin gefen ciki, taya kuwa kun san yadda take yanzu.

Shin da gaske duk Homa ɗaya ce? Ta yaya mutum zai gane kaya na motarsa ne kafin ya biya? Sannan shoka biyu na baya ban saya ba tukuna, in sayi na Beljiyom ko in haƙura in tara kuɗin sabo? Allah ya saka da alheri.

Bakanike_mai_ƙafa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare gaba. Maganar duk Homa ɗaya ce ba haka bane, kama da wane ba ta wane. Toyota ta fara wannan ƙirar a 2004, sai 2019 aka kawo sabuwa mai dogon baki, a Japan ma har yanzu ba'a daina yin tsohuwar ba, to a tsawon shekarun nan iri iri suka fito. Akwai ƙaramin gida mai faɗin milimita 1695 akwai babban gida mai 1880, akwai wadda tsakanin tayar gaba da ta baya 2570 ne akwai irin taka mai 3110 wadda tsawonta duka 5380, akwai ta fetur akwai ta dizal, akwai ta kaya akwai ta mutane, a na Japan har mai jan ƙafa huɗu akwai. Nauyinsu ba ɗaya ba, kuma ƙafa ai nauyi take ɗauka, dan haka noti ya shiga raminsa ba shi ke nuna kayan na motarka bane.

Abu na farko ka nemo ɗan ƙarfen nan da aka liƙa a jikin motar wajen ƙofar gaba ko gindin kujera wanda aka rubuta MODEL, ka ɗauki hotonsa a waya. TRH fetur ce, KDH dizal mai tobo, LH dizal mai injin 5L mara tobo. Lambobi ukun da ke bi su ke faɗin girman gida, harafin L na bayansu kuma sitiyari a hagu kenan. Yadda ka kwatanta ta ina kyautata zaton TRH223L zaka gani. Wannan shi zaka faɗa wa mai shago ba kace Homa 2012 ba.

Yanzu toshin ba. Abu uku nake zargi kuma duk ukun ana iya ganewa ba tare da an kashe ko sisi ba. Na ɗaya, ko an baka ta dama ka sa a hagu. Kowace tana da alama a kan bakinta L ko R, a goge tsatsa da datti za'a gani, kuma ba'a musanya su saboda tun daga kamfani an riga an murɗa kowace ta ɓangarenta, ta kuma yi shekaru tana aiki ta nan, in ka juya mata aiki zata saki kuma wata rana tana iya ɓallewa ɓas kana kan gudu, Allah ya kiyaye. Na biyu, ko ta ƙaramar mota ce, tsawo ɗaya haƙora ɗaya amma kauri ya gaza, ido baya gani sosai. Ka ɗauki sifanar nan da ake buɗe bakinta ka matse ta a tsakiyar tsohuwar taka, ka cire ka kai jikin wadda aka baka, in tana lilo to siririya ce. Na uku ko kayan lafiya lau suke bakaniken ne ya sa ta ya tsallake haƙori ɗaya ko biyu wajen ɗaurawa, wannan yana faruwa sosai in ba'a sa alamar fenti ba kafin a kwance, shi yasa noti zai ƙure mota bata tashi ba.

Kuma ko duk sun yi daidai ni bana sa toshin ba ɗaya. Ta damanka ta sha lodin Ningi shekara da shekaru, waccan ta fito daga wata mota da bamu san wahalar da ta sha ba, ko ka daidaita tsayinsu a tsaye da noti taurinsu ba zai zo ɗaya ba a kan hanya. Biyu ake saya daga mota ɗaya. Ka shafa jikinta da hannu daga farko zuwa ƙarshe, in akwai wajen da tsatsa ta ci ta yi rami ko sara na guduma ko alamar wuta ka ajiye musu, daga irin wajen take karyewa, kuma ba'a yi mata walda ko waye yace maka ya iya.

Sifirin baya kuma kusan na tabbata na ƙaramar mota ne ko na irin wadda ake ɗaukar iyali da ita a Japan mai kujera 10, an yi su da laushi ne dan jin daɗin zama ba dan buhun masara ba. Ka ajiye tsohon naka da nasu a ƙasa gefe da gefe, ka ƙirga falle, ka duba kaurin kowane falle da faɗinsa musamman na ƙasan nan mai kauri da ke karɓar lodi, sannan ka sa tef daga ido zuwa santa bol ta gaba, ka sake daga santa bol zuwa ido ta baya, dan ba lallai santa bol ɗin yana tsakiya cif ba, in ya goce ko kaɗan ne aksul zai zauna a karkace mota ta dinga tafiya a kaikaice tana cin taya huɗu ba biyu ba. Shi ma biyu ake canzawa tare da sabon yu bol.

Cin tayar gaba kuwa ba mamaki, tunda tsayin mota ya canza dole taya ta kwanta. Kar ka kai alaimen yanzu asarar kuɗi ne, sai an gyara tsayi tukuna.

ɗan_tasha:

hhhh duk Homa ɗaya ce wai. Malam in ka koma ka tambaye shi ko duk kuɗi ma ɗaya ne ka bashi ɗari biyar a madadin dubu. Allah ya mayar da alheri direba.

Mai_shago_Ƙofar_Ruwa:

Salam. Ni sana'ata kenan a Ƙofar Ruwa dan haka bari in faɗi ta ɓangarenmu, ba wai ina kare wanda ya sayar maka bane ban san shi ba. Oga bakanike ya faɗi gaskiya amma ku ma direbobi kuna da naku, mutum zai turo yaron mota ba tsohon kaya a hannu ba lambar casis, yace a bashi am ɗin Homa na gaba, ka tambaye shi na sama ko na ƙasa hagu ko dama sai ya hau kiran waya. Wallahi wanda ya zo da tsohon kayansa a buhu bai cika dawowa da ƙorafi ba, dan a gabansa za'a haɗa su a gwada rami da rami.

Sannan kayan da kuke gani jibge a shago ba daga waje ɗaya suke ba. Wasu daga Japan, wasu daga Sharja kusa da Dubai inda ake yanka motoci a loda a kwantena, wasu mu saro a Ladipo a Legas wasu ta Kwatano suke shigowa. Hiace ɗin da aka fi sayarwa a Turai ma ba wannan bace, mai ɗan bakin nan ce kuma bayanta koyil ne ba falle ba, kayanta basa zuwa kusa da Homa. Ga kuma na Chana irinsu Jinbei da Joylong da King Long da Foton waɗanda in ka hango daga nesa sai kace Homa ce, kayansu ma suna shigowa kasuwa a cakuɗe, wani ya shiga wani bai shiga ba, wani ya shiga amma awon ƙarfen daban.

Abin da zai taimake ka shi ne lambar kaya. Na Toyota lamba goma ce, biyar na farko su ke faɗin wane kaya ne, biyar na ƙarshe su ke faɗin na wace mota. Misali lowa am na dama 48068 yake farawa na hagu 48069, boljoyin na ƙasa 43330, sifirin baya 48210, shokan baya 48531. In ka ba mai kwamfuta lambar casis ɗinka zai fito maka da cikakkiyar lambar, ko kai da kanka a waya akwai shafuka da ke yi kyauta. A jikin shoka galibi lambar na nan a buge, a sifirin wani lokaci da fenti aka rubuta in bai goge ba, a am kuwa sau da yawa ba zaka samu ba sai dai gwadi.

Inda nake so ka kula sosai, in kayan daga motar Japan ne to sitiyarinta a dama yake, dan haka sitiyarin rak ɗinta ba zai maka ba ko an ce maka za'a juya. In mai jan ƙafa huɗu ce kayan gabanta daban ne gaba ɗaya. Sitabilaiza ba kuma na ƙaramin gida ya gaza na babban gida tsawo.

Sai maganar kwancen gida, wato wanda aka cire a motar da ta gama wahala a nan Najeriya a wanke da fetur a fesa baƙin fenti a ce maka yanzu aka sauke daga kwantena. Kayan waje na gaske da ƙurarsa da ɗan dattinsa yake zuwa, in ka ga am yana sheƙi har kan robar bushin an fesa fenti to ka yi tambaya. Shoka kuma ka duba gindinsa, masu yi masa ɗurin mai suna huda shi su zuba su toshe da walda su goge, in ka shafa zaka ji tudun. Shawarata in da hali ka nemi wanda ke da yankakkiyar mota a cire maka hagu da dama a gabanka, ku rubuta a rasit cewa in bai yi ba za'a canza, ku sa alama a jikin kayan dan kar a ce ba shi bane. Wanda ya ƙi yarda da haka ka matsa shago na gaba, kasuwa da faɗi.

Bamaraɗe:

Sannunku da aiki yan uwa na Najeriya. Mu nan Maraɗi tsohuwar Hiyas ta hi yawa, wadda aka yi daga 1989 zuwa 2004, RZH da LH, ita ka zuwa Damagaram da Tawa da ƙauyuka ranar kasuwa. Abin da nike son ƙarawa kar wani ya karanta wanga bayani ya ɗauka kayan Homa na shiga tsohuwa ko na tsohuwa na shiga Homa, tsarin iri guda ne toshin ba gaba lam wato sifirin baya amma awo ba guda ba. Cikin tsohuwar ma akwai mai notin taya biyar akwai mai shida, Homa kuwa shida ce, in za ka sayi hob ko duk ƙafar gaba wurin yan kas masu yanka mota ka ƙirga kahin ka ba da kuɗɗi. Mu lambar tana cikin kat giriz, takardar mota, da ita muke zuwa. Amortisar kuwa, wato shoka, ni na bar sayen na hannu, hanyoyinmu na jar ƙasa ba su barin shi ya kwana biyu.

Tsohon_direba:

Yaro duk wannan dogon lissafin na masu karatu ne. Mu tun muna jan kiya-kiya abin da muka sani in baya ya kwanta ka kai wa maƙeran sifirin su buga maka shi ya tashi, a ƙara falle ɗaya ko biyu kowane gefe, shikenan ka ɗebi lodinka. Motar da aka yi wa mutum 15 kai kana zuba 18 ga kaya a but ga wani an ɗaure ƙofa a buɗe da igiya, wane sifirin kamfani ne zai ɗauka? ko ka samo na TRH ɗin naka sak wata shida zai kwanta. Kar ka mayar da wanda ka saya, ka ƙara masa falle daga tsohon naka da ya karye ai sauran lafiyarsu ƙalau.

Bakanike_mai_ƙafa:

Baba ranka ya daɗe ba'a ja da ku, kun riga mu sanin hanya, kuma maganar lodi gaskiya ce ba mai musu. Ƙarin falle ɗaya ni ma ina yi wa masu dogon zango, amma a kan sifirin da yake na motar ne kuma gefe biyu daidai. Shi nasa yanzu hagu daban dama daban, in ya ƙara a kan mai laushin babban fallen da ke riƙe da ido shi ne dai siririn, kuma shi ke riƙe aksul a jikin mota, ranar da ya karye ba zama kawai mota zata yi ba aksul ne zai ja baya. Bugu kuma in da wuta aka yi an kashe ƙarfen, zai tashi yau ya kwanta gobe.

Akwai kuma abin da ba'a cika kula da shi ba, waɗanda basu da ABS akwai wani ɗan bawul na birki a baya da aka haɗa shi da aksul da siririn ƙarfe, shi ke gane nauyin da ke kan mota ta yadda ta zauna, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi ko ya rage. In ka ɗaga baya sosai da falle biyu uku sai ya ɗauka mota ba kowa alhali cike take, birkin gaba ya dinga aikin shi kaɗai, ka ga direba na canza birki fad kullum yana zagin mai shago. In an taɓa tsayin baya a duba shi.

Na manta ban amsa maka ta shoka ba direba. Ni rabon da nake yi shi ne ƙarfe a saya na Beljiyom, am da toshin ba da sifirin da nokul, orijinal na hannu ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Amma abin da ke da roba ko mai ko giris a ciki, bushin da boljoyin da tayarod da linkej da shoka, in da hali sabo. Boljoyin musamman, kai a kan tayar gaba kake zaune, in ya fita ba sai na faɗa ba. Ana samun 555 ta Japan a boljoyin da KYB a shoka, sai dai jabunsu ya cika kasuwa ka je da wanda ya sani. In dole sai na hannu, ka tsayar da shokan a tsaye yadda yake zama a mota, ka ja ka danna sau huɗu biyar, ya zama da tauri tun daga farko har ƙarshe ba wajen da zai tafi fuu ba komai, sandar ba tsatsa ba ƙarce ba jiƙewar mai, ka gwada tsawonsa a buɗe da a rufe da tsohon naka da irin kan da yake da shi sama da ƙasa. Kuma ka faɗa wa bakanikenka notin bushin ba'a ƙarasa ɗaure shi mota na kan jak, sai an sauke ta ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar a murɗe zata zauna ta yage da wuri.

Direban_Ningi:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na leƙa na ɗauki hoton, TRH223L ne kamar yadda oga ya faɗa. Da yamma muka sa tef daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi, hagu ta gaza dama da kusan yatsa biyu. Sifirin kuma mun ajiye su a ƙasa, tsawo ɗaya santa bol ma waje ɗaya amma fallen ƙasan nasu bai kai nawa kauri ba ko kusa, na kira mai shagon da farko ya fara kame kame sai da nace zan zo da tsohon a gwada a gaban maƙwabtansa sannan yace in kawo ya duba min wani. Alhaji ya yarda a sayi na hagun ma a huta. Toshin ba ɗin ce bamu kai ga cirewa ba dare ya yi, mun haska da fitilar waya tsatsa ta rufe bakin ba'a ganin harafin. Oga in na lallaɓa na yi lodi ɗaya gobe zuwa Bauchi in dawo jibi a kwance akwai matsala? dan satin nan ban haɗa balas ba.

Baba tsohon direba na gode, falle ɗayan zan ƙara in an samo na daidai.

Bakanike_mai_ƙafa:

A'a kar ka ɗauki mutane da ita sai an ga harafin nan. Cirewa ba ta kai aikin awa biyu ba, ka sa shi ya fito da sassafe, a sassauta notin gaba ɗaya kafin a zare, a goge bakin da burushin waya. In R ce ka haɗa ta da sifirin ka mayar masa tafiya ɗaya, in L ce ku gwada kaurin da sifana kamar yadda nace, in shi ma ya yi daidai to haƙori aka tsallake a mayar da ita daidai kafin azahar ka shiga layi. Ka turo hoton bakin nata mu gani.